Warƙa Biyu da Suka Kai Ni Ankara

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai bar mana gida ba, bai bar gona ba. Shagon ɗab'i ya bari a Fagge mai inji ɗaya, sai bashin masu takarda, sai wata gafaka da tun muna yara ba wanda ya isa ya taɓa. Bayan sadakar arba'in muka buɗe ta ni da yayata, muna zaton takardun fili ne. Carbi muka tarar, da hoton wasu samari a bakin teku, da wani ɗan littafin ajami da gefensa ya yi baƙi saboda yawan juyawa.

Waƙar da ke ciki na san ta tun kafin in ga littafin, don ita yake rerawa ƙasa-ƙasa in yana wanke rola da yamma. Waƙar wa'azi ce ta malaminsa na Nima, can Ankara ta ƙasar Gana, wato Accra, inda ya yi almajirci yana saurayi. Kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, ya yi jim, ya koma farko. Mun ɗauka mantuwa ce. Sai da na riƙe littafin da idon mai sana'a na gane dalili. Asalinsa shafi 16 ne, wato falle huɗu aka naɗe biyu aka ɗinke da waya a tsakiya. Fallen waje ya tsinke, kuma duk wanda ya taɓa ɗinkin littafi ya san fallen waje shi ke ɗauke da warƙar farko da ta ƙarshe. Ta farko ta tafi da bisimilla da buɗe waƙa, ta ƙarshe ta tafi da cikon baitoci da sunan inda aka buga. A gindin shafin da ya rage, can ta hagu, akwai kalma ɗaya tilo, irin wadda marubutanmu ke ajiyewa don a san da me shafi na gaba zai fara: "ƙasa".

A cikin gingimari fallen ya ɓata. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana, mahaifina yana cikin dubban da suka kwaso tsummokaransu. Ba a daɗe da raba littafin ba ke nan, bai kai ga haddace shi ba. Shekara hamsin da ɗoriya yana riƙe da wannan kalma, yana cewa ai maganar kabari ce za ta biyo baya, me kuma zai zo bayan "ƙasa" a waƙar wa'azi? Abu ɗaya da ya sha maimaita mana shi ne a Legas Tawun aka buga shi, "a injin fada". Muna yara mun zaci fadar sarki yake nufi. Ashe limaman coci.

Hanya ba zan tsaya a kanta ba. Kano zuwa Legas, Legas zuwa Seme, a ratsa Kwatano, a ratsa Lome, a shiga Gana ta Aflao. Iyaka uku a yini ɗaya, kowacce da layinta da tambarinta da mai neman na goro. Na mayar da agogona baya da awa ɗaya, muka haye kogin Volta a Sogakope ina gyangyaɗi, muka shiga gari ana kiran isha'i. Ɗan wani abokin mahaifina ne ya tarbe ni, ya kai ni gidansu a Nima, ya ajiye mini shinkafa da wake wadda a nan suke ce wa wace, da wani baƙin yaji mai suna shito da ya sa ni hawaye ina cewa ba komai.

Da safe daga saman benensu na hango hasumiyoyin babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka taimaka aka gina aka buɗe a 2021. Na yi dariya ni kaɗai: mu Hausawa tun kaka da kakanni Ankara muke kiran wannan gari, ga kuma mutanen ɗaya Ankarar sun zo sun dasa masallaci irin nasu. Hausar Nima kuwa sai da kunnena ya yi kwana biyu kafin ya zauna. Ba ruwansu da "ta", mace ma "ya zo" ne, ƙa da ka duk ɗaya. Su kuma in na yi magana sai su ce in sake, wai kamar rediyo.

Legas Tawun yanzu New Town ake ce mata, tana manne da Nima. In ka san layin masu ɗab'i na Sabon Gari a Kano, to ka ninka shi. Shago bayan shago, warin tawada da kananzir, yara na tura rim-rim na takarda a baro, allunan jana'iza masu girman ƙofa suna shanye a rana, don mutanen nan ba su wasa da bikin mutuwa. Kwana biyu ina yawo da littafina a leda ina nuna wa duk mai furfura. Wani ya ce Larabci ne, in tafi masallaci. Wani ya ce in kawo ya yi mini hotonsa a kwamfuta. A rana ta uku wani mai sayar da koko da ƙosai ya karɓa, ya juya shi, ya ce in bi lungun nan har bayan wani ƙaramin masallaci, akwai wurin ɗab'i na limaman masallatai.

Tun ban kai ba na ji muryar injin. Kord ne, irin namu na Fagge sak, har da ɗan tarin da yake yi in farantin ya zagayo. Ɗaki ɗaya ne da rumfa. Wani dattijo siriri, hularsa ta sha tawada, yana tsaye a bakin injin yana zaro falle yana dubawa a hasken taga. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa ledar. Bai ce komai ba sai da ya kashe injin, ya wanke hannu da sabulu, ya goge a rigarsa, sannan ya buɗe. Ya daɗe yana kallon shafi na biyar. Ya sa farce a kan wani ɗan ɗigo baƙi da ke gefen rubutun, wanda ni na ɗauka kashin ƙuda ne.

"Ka ga wannan? Rauni ne a bargon injin. Duk abin da muka buga a shekarar nan yana da shi. Ɗana, daga ina?"

Na ce daga Kano, Baba. Ya dubi jakar da na rataya, irin mai zanen ɗaki-ɗaki ɗin nan da muke kira Gana-mas-go, ya ce to, kun kore mu da ita a 83, ga shi ka dawo mana da ita. Muka yi dariya, ni dai tawa da kunya a ciki.

Kwana huɗu na yi ina zuwa wurinsa, ina kama masa aiki yana ba ni labari. Ga yadda abin yake.

A Nima aka haife shi. Yana yaro ya fi son ƙarfe da allo, sai wani maƙwabcinsu Kirista ya kai shi koyon aiki a ƴar maɗaba'ar wata mishan, inda fada biyu da wani Bature da suke kira Brada ke buga littattafan addu'a da na koyon karatu da takardun makaranta. Mahaifinsa ya yarda da sharaɗi biyu: ba zai ci abincinsu ba, kuma za a sake shi ranar Juma'a. Aikinsa na farko shi ne mayar da haruffa gida. A lokacin da haruffan darma ake aiki, kowane harafi ɗan ƙarfe ne guda, ana tsinto su ɗaya-ɗaya daga akwati mai ramuka, a jera su a juye, a ɗaure, a buga, sannan a warware a mayar da kowanne raminsa. Ya ce ya iya jera harsunan ƙasar, Ga da Twi, shekara guda kafin ya iya karanta Turanci, kuma har yau ya fi saurin karanta boko in takardar tana kife. Akwatin nasu yana da ramuka na musamman don haruffan da Turanci bai da su, wata "e" da wata "o" masu buɗaɗɗen baki, da "n" mai jela.

Malamin mahaifina ya ga yaron nan yana dawowa da hannu baƙi, ya tambaye shi ko injin nan na iya rubuta ajami. Yaro ya kai maganar. Brada ya ce ba su da haruffan Larabci, amma ana iya odarsu. Ya nemo samfuri ya aika wa malam. Malam ya duba ya mayar. A nan dattijon ya ɗauko alli ya zana mini a jikin ƙofa, duk da na sani, na bar shi don daɗin yadda yake yi. Rubutunmu na Magariba ne: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Haruffan da ake zubawa a Masar da Sham kuwa fa ɗigonta a sama, ƙaf biyu. Almajirin da ya taso da Warshu in ya ga fa ɗinsu ƙaf zai karanta. Babbar matsalar ma ita ce wasalin "e". Mu da ɗigon imala muke rubuta shi a ƙarƙashin harafi, abin da muka aro daga karatun Warshu, su kuwa ba su zuba shi a darma ba. Ba shi, to "gero" da "giro" sun zama ɗaya, balle a zo kan tsa da ɓa. Malam ya ce injin da bai iya cewa "e" ba, ina zai iya wa'azi.

Maganar ta kwanta har mishan ta sayo ƙaramin injin zamani wanda ba ruwansa da darma. Wannan shi ne aikin da na gada, don haka bari in faɗe shi yadda yake. Ana ɗaukar hoton shafi a fim, a ɗora fim ɗin a kan farantin alminiyam mai magani, a haska masa fitila. Inda rubutu yake ya kama maiƙo, inda babu ya kama ruwa. Tawada maiƙo ce, ba ta shiri da ruwa, sai ta bi rubutun kaɗai. Faranti ya shafa wa bargon roba, bargo ya shafa wa takarda. Injin bai san harafi ba, hoto ya sani. Ko Girkanci ne, ko zanen doki, ko hannun malam da alƙalamin gamba, duk ɗaya ne a wurinsa. Haka aka yi a Kano da Zariya ma, shi ya sa har gobe Ahalari da Ishiriniyar da ake sayarwa a Kurmi rubutun hannu ne aka buga, kuma Alƙur'anan Sharu Bala suka zaga Afirka ta Yamma da hannunsa a jiki.

Brada da kansa ya aika wa malam farar takarda mai santsi da baƙar tawada ta kanti, ya ce kada ya yi da jar tawada don fim ba ya bambanta ta da baƙa, kuma ya bar fili yatsa biyu a gefe. Malam ya yi wata guda yana rubutu. Da ya gama kuma sai ga tambayoyi daga ƴan'uwansa malamai, kuma ban ga laifinsu ba. Wa zai taɓa shafin da ke da aya ba alwala? Gaskiya ne akwai kitsen alade a tawadar? Babba a ciki: kowane mai ɗab'i ya san kafin inji ya daidaita sai ya ɓata falle da yawa, kuma a garin nan ɓatacciyar takarda wurin masu ƙosai da gyaɗa take ƙarewa. Sunan Allah a naɗe da ƙosai?

Fadan da ke shugabantar wurin ya saurara, ya ce su ma suna da abubuwan da ba a yar da su a bola, ya gane. Aka yi yarjejeniya. Yaron malam shi kaɗai zai ɗora faranti ya kwashe takarda, da alwalarsa. An nuna wa malamai gwangwanin tawadar sun karanta ta bakin wani ɗan boko. Duk fallen da ya ɓaci a ƙirga shi a zuba a buhu a kai wa malam ya ƙona da hannunsa. Dattijon ya nuna mini wani buhu a rataye bayan ƙofa. Har yau haka suke yi. Na tuna yadda muke yi da namu a Fagge, na yi shiru.

Ranar Asabar wurin a rufe yake, sai na hau torotoro, wato ƙaramar bas ɗinsu ta haya, na tafi Osu, don dattijon ya ce in ina son sanin inda akwatin haruffan nan ya samo asali, can zan fara. Tsohuwar unguwa ce a bakin teku, gefen ganuwar Christiansborg da Denmak ta riƙe har ta sayar wa Ingila a 1850. A nan mutanen Mishan Basel ta ƙasar Siwizalan suka sauka a Disamba 1828, su huɗu. Uku sun mutu cikin ƴan watanni, na huɗun ya bi su a 1831. Aka sake turo uku a 1832, Andreas Riis kaɗai ya rayu, shi ma wani mai maganin gargajiya ne ya tashe shi. Ya hau tudun Akropong a 1835 don gudun zazzaɓin bakin teku. Na tsaya gaban tsohuwar cocin dutse ta Osu ina lissafin wannan taurin kai. Ba addinina ba ne, amma mai sana'a ya san mai naci in ya gan shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne manyan littattafansu na farko ba a nan aka buga su ba. Johannes Zimmermann ya kammala Baibul cikin harshen Ga a 1866. Johann Christaller ya kammala na Twi a 1871, tare da ƴan ƙasa irin su David Asante waɗanda ba a cika ambatonsu ba, ya fitar da ƙamus a 1881, ya kafa jaridar Christian Messenger a 1883. Rubutun hannu ake sa wa a jirgin ruwa zuwa Turai, a jera a can, a dawo da shi bayan watanni. Ko tarihin ƙasar da Fasto Carl Reindorf, mutumin Ga, ya rubuta, a Basel aka buga shi a 1895. Ka yi tunanin kuskuren harafi ɗaya a irin wannan tafiya. Kuma a garin nan ne Charles Bannerman ya fara jaridarsa Accra Herald a 1857 ba shi da inji, da hannu yake kwafe ta yana raba wa masu biya. Ashe ba malaman zango kaɗai suka san ciwon wuyan hannu ba.

A torotoron dawowa na yi ta juya wani abu. Ga da Twi sun sami haruffansu ne tare da inji, rana ɗaya aka haife su. Hausa kuwa ta iso ƙasar nan da alƙalaminta a kunne, ta hanyar fataken goro na Gwanja, tun kafin a san za a yi Gana. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya zauna Salaga ya ƙare a Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, waƙoƙinsa da hannu ɗalibai suka yaɗa su daga zango zuwa zango. Bajamushen da ya mulki Krachi, Adam Mischlich, wanda shi ma tsohon ɗan Mishan Basel ne, a gabansa ya zauna ya ƙaru, ya je ya buga ƙamus ɗin Hausa a Berlin a 1906. Na almajirin ya shiga inji, na malamin ya zauna a gafaka, sai a shekarun 1960 da jami'ar Legon ta bi gidajen malamai tana aron rubuce-rubuce tana ɗaukar hotonsu tana mayarwa. Har yanzu Hausa ba ta cikin harsunan da hukumar harsunan Gana ke buga wa littattafan makaranta, duk da gidan rediyon ƙasa na labarai da ita kuma ba kasuwar da ba a ciniki da ita. Wanda duk ya ga Hausa a takarda a zangon nan, wani ne ya cire kuɗi daga aljihunsa.

Yadda injin ya bar hannun fada ya koma hannun limamai kuwa, korar 69 ce sila. Malam ya tafi, rabin almajiransa sun tafi, ya rasu bai dawo ba. Dattijon shi haifaffen nan ne amma ba shi da takardar da za ta nuna haka, sai fadan nan suka ajiye shi a harabarsu yana kwana a ɗakin takarda har ƙura ta lafa. Bayan shekaru, da mishan ta samu manyan injuna za ta sayar da ƙaramin, limaman masallatai uku na unguwar suka haɗa kuɗi, aka yi yekuwa bayan sallar Juma'a, mata masu sayar da abinci suka ba da abin da ya fi na mazan. Fada ya sayar musu a farashin da dattijon ya ce kunya ce ta sa aka kira shi ciniki. A amalanke aka turo shi. Yana nan a kusurwa yanzu an lulluɓe shi da tsohuwar darduma, ya mutu tun tuni, an hana masu gwangwan.

Sun buga Ƙa'ida ta masu koyon baƙi, da Yasin, da waƙoƙin Maulidi, da jadawalin azumi, da takardun gayyatar wa'azi. A 1983, shekarar fari da gobarar daji da dawowar kusan mutum miliyan daga Najeriya, takarda ta yi wuyar da sai da suka buga jadawalin Ramadan a bayan tsofaffin fom na wani kamfani. Lokacin dumsor, wato ɗauke wutar da ta yi tsanani a 2015, da tsakar dare yake zuwa in an kawo wuta, ya yi aiki har asuba. Kord ɗin da ke aiki yanzu wani attajirin unguwar Mamobi ne ya saya musu na hannu.

Na duba littafin lissafinsu, don limamin da ke kula da wurin, wani matashi da ya yi karatu a Madina, ya nemi shawarata. Na ce Allah gafarta Malam, in faɗi gaskiya? Ya ce faɗi. Na ce wannan ba lissafi ba ne, sunayen masu cin bashi ne. Akwai bashin da aka rubuta tun kafin a yanke wa sidi, kuɗin Gana, sifiri huɗu a 2007, ba wanda ya san ma nawa ya koma. Duk wanda ya zo da aikin masallaci ya ce fisabilillahi, an buga masa. Katin aure da rasit na ƴan kasuwa su ke biyan kuɗin wuta. Ga Alƙur'anan Madina na Hafsu ana raba su kyauta, ga Islamiyyu sun koma rubutun kwamfuta, ga wa'azi ya koma WhatsApp. A ganina in dattijon nan ya kwanta dama wurin ba zai shekara ba, kuma na gaya wa Malam haka. Ya ce ya sani. Ya ce yaran yanzu ba mai son tawada a farce.

Littafina fa? Dattijon ya ce sun sake buga shi sau biyu bayan sun karɓi injin, amma ko kwafi ɗaya bai rage ba, fina-finan kuma damina ta cinye su. Sai ya tuna faranti. Tsofaffin faranti masu ɗab'i kan sayar wa maƙera, su kuwa nasu da ke da sunan Allah ba su sayarwa, ba su kuma san yadda za su ƙona ƙarfe ba. Da rufin rumfar ya fara yoyo, sai suka jera su a ƙarƙashin kwano, rubutun na kallon ƙasa, wai ai sama ba wulaƙanci ba ne. Na ɗaga kai. Silin ɗin rumfar da nake zaune ƙarƙashinta kwana uku duk karatu ne. Farantin irin wannan inji ba a juye yake ba, yadda za a karanta a takarda haka yake a jikinsa. Na hau benci da fitilar waya ina bi ɗaya-ɗaya, wuyana kamar zai karye: Yasin, jadawalin wata shekara, rabin Burda. A kusa da bango na ga hannun da na sani. Shafi na 2 ne da na 15 gefe da gefe. Na 15 tsatsar ƙusa da ruwan sama sun cinye shi daga sama har tsakiya, daidai inda nake nema.

Dattijon ya ce in sauko kar in faɗo. "Hajiya ya sani," in ji shi. Ƴar malamin mahaifina ce, aure ya riƙe ta a nan lokacin da mahaifinta ya tafi.

A Mamobi take, ta haura tamanin, idonta ya tafi amma kunne garau. Na gaishe ta, na faɗi sunan mahaifina. Ta ce wane, mai satar mata ƙanzo? Ta tambayi yaushe ya rasu, ta yi masa addu'a, ta sa jikarta ta kawo mini fura. Sannan na karanto mata baitin ƙarshe na shafi na 14. Ban rufe baki ba ta ɗauka, da wata murya siririya mai rawa, da karin da mahaifina ke yi sak:

Ƙasa ta Allah ce, baƙo da ɗan gari,
Haya muke, mai gida na nan tafe.

Ba kabari ba ne, ko kuma kabarin ne ta wata ƙofa. Ta yi baiti goma sha ɗaya ta kai tammat. A biyu daga ciki abin da ta rera ya saɓa da ɗan abin da ya rage a jikin farantin. Na gaya mata. Ta ce farantin ne ya yi kuskure, ita daga bakin mai ita ta ji.

Mun yi shawara da Malam da dattijon a kan wanne za a bi. Aka tsaya a kan a rubuta na faranti a cikin layi, na Hajiya a gefe, yadda ake yi wa littattafan zaure. Wani alaramma ɗan Barno da ke koyarwa a masallacin ya rubuta warƙa biyun da alƙalamin kara, yana kwaikwayon hannun malam gwargwadon iko, ko da yake kaf ɗinsa ta fi tsayi. Yanzu ba a bi ta fim, a kwamfuta aka ɗauki hoton aka fitar da faranti a wani shago na bakin titi. Na biya takarda rim biyu da tawada, na kuma matsa sai da aka rubuta a littafin lissafi cewa an biya. Ni na ɗora farantin da alwalata, dattijon na tsaye a kaina yana cewa in rage ruwa. Falle goma sha tara suka ɓaci kafin ya yarda da baƙin. Ya ƙirga su da kansa ya zuba a buhun bayan ƙofa.

Na bar musu rabi, na ɗaure rabi a cikin Gana-mas-go. A ɗaya daga cikin iyakokin dawowa wani jami'i ya sa na kwance, ya zaro ɗaya, ya juya shi sama da ƙasa, ya tambaye ni ko laya ce. Na ce waƙa ce. Ya ce in rera ya ji. Na rera masa baiti biyu a tsaye cikin rana, direbanmu na ta danna ham.